Ranar da Iya Ta Lulluɓe Talbijin

Ni dai ba mai yawo ba ce. A Nguru aka haife ni, a Nguru aka yi mini aure, kuma in ka cire Gashua, garin su maigida, sauran garuruwan duniya a bakin mutane na san su. Karatu ma ban yi nisa ba. Amma Allah ya ba ni kunne. In na ji magana sau ɗaya, ko da yaren da ban sani ba ne, sai ta zauna mini, har da yadda mai ita ya ja numfashi. Ga kuma baki, ba na ɓoyewa. Maigida yakan ce duk rediyon da ake kawo masa gyara yana da wurin kashewa, ban da na gidansa.

Gyaran rediyo da talbijin shi ne sana'arsa, yana da ɗan shago a kusa da tashar jirgin ƙasa. Lokacin nan shekarun tamanin ne, muna cikin jihar Borno tukuna, ni kuwa ina ɗauke da cikina na fari.

A shekarar ne surukata ta zo ta zauna da mu. Iya muke kiranta. Ta shekara da shekaru a Gashua ita da yayarta, su biyu a ɗaki ɗaya kusa da bakin kogi, tun bayan da mazajensu suka rasu. Da damina yayar ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Bayan sadakar arba'in maigida ya je ya taho da Iya. Ta shigo da ƙullin kaya guda, da buta, da carbi. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Sannu, 'yar nan." Kusan iyakar abin da na ji daga bakinta ke nan a makon farko.

Akwai wata magana da maigida ya gaya mini sau ɗaya tak, da murya ƙasa ƙasa. Ya ce yayar Iya, wadda yake kira Iya babba, 'yar bori ce, sananniya a wancan yankin. Iya ita kam ba a taɓa hawanta ba, ba ta taɓa shiga fili ba. Aikinta kiwo. Ban gane ba, na ce kiwon me, awaki? Ya ce a'a. Mai kiwo ita ce wadda take tsaye a bayan 'yar bori in iska ya hau ta, tana gyara mata sutura, tana tare ta kada ta faɗa wuta ko ta bugu da dutse. Daga nan ya ce, "Na gaya miki don ki sani ne. A gidan nan ba a wannan magana." Na ce to.

Ni uwata ta rasu tun ina ƙarama, sai na ce Allah ya kawo mini wata. Na sa wa kaina cewa tsohuwar nan ta gama wahala a duniya. In ta ɗauki tsintsiya, in karɓe. In ta nufi randa, in riga ta. Ko butar alwala ni nake cika mata, in kai har ƙofar ɗaki. Kullum maganata ɗaya ce: "Iya, ki zauna ki huta." Sai ta zauna. Na yi mata miyar kuka da bandar kifi irin yadda mutanen Gashua suke so, na yi mata fate, na dama fura da kindirmo mai kyau. Ta yi loma biyu ta rufe kwanon. Ina kallo awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Da kaka ta yi sai ta kira ɗanta. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mai rediyo". Ina kicin ina jin su. Ta ce ya nema mata mota ta koma Gashua. Ya ce, "Iya, wurin wa? Ɗakin ma rufinsa ya zube gefe ɗaya." Ta ce ko da haka. Ta ɗaure ƙullinta ta ajiye a bakin ƙofa daga ciki, ba ta sake kwancewa ba. Shi kuma ya shiga ja mata rai, yau hanya ba kyau, gobe direban da ya sani bai zo ba. Amma ya ce da ni, "In ta koma ɗakin nan ita kaɗai a haka, ba za ta ga wata damina ba." Ni ma na san gaskiya ya faɗa. Ni da ba na rasa abin cewa, na rasa abin da zan ce wa matar nan.

Ana cikin haka wani mai fataucin bandar kifi zuwa kudu ya kawo wa maigida bidiyo gyara, kaset ya maƙale a ciki. Ya ce zai yi tafiya, sai ya dawo zai karɓa. Da aka gyara, maigida ya ji tsoron barin kaya mai tsada a shago, ya kawo gida, ya haɗa da ɗan talbijin ɗinmu a rumfa. Kaset ɗaya ne, wanda ya maƙale ɗin. A cikin kwalinsa akwai wani ɗan littafi mai hotuna.

Maƙwabciyata, wata Babarbariya mai sayar da turaren wuta, ita ta fara ɗaukar littafin. Ta ga ta dama ake buɗe shi, rubutun kuma ba boko ba. Nan take ta goge hannu a jikinta, ta ɗora shi can saman kantar kwanuka, ta ce, "Ke 'yar Fulani, ba ki da hankali? Littafin addu'a kike bari a tabarma?" Da maigida ya dawo ya yi dariya har da tari. Ya ce littafin labari ne na mutanen can gabashin duniya, a cikinsa aka fara zana labarin, daga baya aka zana shi yana motsi aka sa a kaset. Maƙwabciyata ta ce ko ma mene ne, abin da ake buɗewa ta dama ba ya kwana a ƙasa. A saman kantar ya zauna har aka mayar.

To, in an kawo wuta bayan la'asar sai matan layinmu su cika rumfa. Ba mutane ne a cikin fim ɗin ba, zane ne, da manyan idanu kamar na ɗan maraƙi. Wata budurwa ce mai farar riga da jan wando mai faɗi, tana riƙe da sanda mai ƙararrawa. Mutane suna zuwa wurinta da kukansu. Sai ta zauna ta rufe ido, ta kaɗa sandar, iska ya taso, gashinta ya miƙe, wani abu kamar hayaƙi ya shige ta. In ta buɗe baki ba muryarta ba ce, wani lokaci ta tsoho, wani lokaci ta mace mai kuka. Babu wanda ya san yaren, sai aka ɗora mini fassara. Ni kuwa me zan fasa? Daga yadda murya ta hau da yadda ta sauka nake gane wanda yake roƙo da wanda yake ƙarya, sauran in cike da nawa. In tsohon ya yi gurnani in ce, "Cewa ya yi ƙanensa ya cinye masa gona." Mata su ce, "Allah sarki!" Maƙwabciyata ta ce, "Ƙarya kike, jiya kin ce shanu ne." In ce, "Ke da Hausa ma sai da ƙyar, ina ke ina wannan?"

Ran farko da budurwar ta sauya murya, wata daga baya ta ce, "La, wannan ai bori ne!" Kowa ya saci kallon ɗakin Iya, don a Nguru labarin Gashua ba ya ɓoyuwa. Asabarin ƙofarta a sake yake, ba motsi.

Amma ni na ji abin da ba su ji ba. Washegari da aka kunna, na ji ƙarar tabarma ana janta a hankali zuwa bakin ƙofa. Bayan kwana biyu na ji carbin ya daina ƙas-ƙas in ƙararrawar sandar ta fara. Kuma kullum a wuri ɗaya nake jin tsaki daga bayan asabari, tsaki siriri na wanda ya ga ana ɓata aikin da ya iya. Wurin shi ne ƙarshen kaset ɗin. Wani babban iska ya hau budurwar a kan dutse, ta yi ta fama, aka biya wa mutanen buƙatarsu, suka juya suka tafi suna murna. Hayaƙin ya fita daga jikinta, ta faɗi a kan wani farin abu da muka ɗauka kanwa ce, maigida ya ce ƙanƙara ce. Tana kwance ita kaɗai, rigarta ta zame daga kafaɗa, sai kaset ya ƙare, talbijin ya koma shuu. Mu dai mun saba, sai a tashi a je ɗora tuwo.

Ban gaya wa maigida ba. Na san in ya ji zai naɗe wayoyinsa ya mayar shago.

Dabarunsa na hana Iya tafiya kuwa suka ƙare. Iya ta aika da kanta aka yi mata magana da wani direba da zai tafi Gashua kashegari da safe. Ran nan ba ni da walwala, ko fassarar ma sama sama nake yi. Mutane ba su da yawa, ni ce da maƙwabciyata da wasu mata biyu. Aka zo wurin dutsen, budurwar ta faɗi. Sai na ji asabari ya yi fas.

Iya ce ta fito, da saurin da ban san tana da shi ba. Ta tsallake ƙafafun mata, ta cire mayafinta ta lulluɓe talbijin ɗin ruf, ta dafa shi da tafin hannu biyu. Ta juyo tana huci ta ce, "Haka za ku bar ta? Kullum haka kuke barinta ku tashi! Ina mai kiwonta?"

Maƙwabciyata ta fara salati a hankali. Matan biyu suka tuna sun bar wani abu a wuta.

Iya ta dubi maƙwabciyata ta ce, "Ki daina kallona haka, ban zautu ba. Na san zane ne." Ta zauna a bakin tabarma, hannunta ɗaya yana kan mayafin. Ta ce, "Amma wanda ya zana ta ya san hawa, bai san sauka ba. Hawa kowa yana gani, shi ake zuwa kallo. Ana gamawa kowa ya kama hanyarsa. Sauka ita ce aikin."

Kunyar suruka ta ce in yi shiru. Bakina bai yarda ba. Na ce, "Iya, yaya ake yi?"

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Sai ta fara magana, ta yi ta yi, Hausarta tana gauraya da Badanci, yarensu na Gashua, in abin ya taɓa ta. Ta ce in iska ya bar mutum, jikinsa sanyi yake yi ko da tsakar bazara ne, kuma bai san inda yake ba. Abu na farko a rufe shi, kada ya farka ya ga idanun mutane a kansa. Ka sa hannu a tsakiyar bayansa don ya san akwai ƙasa. Sai ka sunkuya ka kira shi a kunne, ba da sunan da jama'a suka san shi ba, da wanda uwarsa take kiransa. Kada ka ɗaga murya, kada ka gaji. In ya yi atishawa ya sauka. Sannan ka ba shi ruwa kaɗan kaɗan, ka gaya masa abin da ya faru, don shi bai sani ba. Ta ce, "Abin da zai ba shi kunya ka bar shi a cikinka. Ni akwai abubuwan da na bari a cikina, da su za a binne ni."

Ta ce ita ba ta taɓa son ganguna da taron ba, sallarta ba ta taɓa wuce ta ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma yayarta ce, tun suna 'yan mata abin ya same ta, wa zai tsaya a bayanta in ba ita ba? Sai muryarta ta ragu. Ta ce ranar da yayar ta cika, ana ruwa, ba kowa sai su biyu. Ta rufe ta kamar yadda ta saba, ta dafa bayanta, ta kira ta. Ta sake kira. Ta ce, "Na daɗe ina jiran atishawa, 'yar nan."

Maƙwabciyata, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba, ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Iya ta buɗe tafin hannunta tana kallo. Ta ce, "Tun ran nan hannun nan bai taɓa kowa ba. A nan kuma sai hutu. A Gashua ko banza zan share ɗakin."

A nan na ga abin da yake gabana tun zuwanta. Matar da ta yi rayuwarta tsaye a bayan wani, mun zaunar da ita muna kawo mata ruwa. Kuma akwai abin da yake cina ni ma, ban gaya wa kowa ba. A al'ada haihuwar fari gida ake zuwa. Ni ba uwa, an shirya in tafi Dapchi wurin wata gwaggona da sau ɗaya na taɓa gani. Ba a yin maganar ciki da suruka, na sani. Na sunkuyar da kai na ce, "Iya, ni fa ba ni da mai kiwo."

Ta zare mayafinta daga kan talbijin ta yafa, ta miƙe. Har ta kai ƙofa sai ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Da wane suna uwarki take kiranki?"

Na gaya mata. Rabon da in ji sunan nan a bakin wani na manta. A gidan miji ni amarya ce, a layi 'yar Fulani. Ta maimaita shi sau ɗaya a hankali, ta shige.

Da safe ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Na fito da gudu don in karɓa, sai na tuna, na tsaya. Ƙullin a kwance yake, wani tsohon saƙi baƙi da fari, wanda take rufe yayarta da shi, yana shanye a igiya, an wanke shi. Direba ya aiko a ce mota ta cika saura ita. Iya ta ce da maigida, "Ka ce masa ya tafi. Kuma ka nemo mini itace mai yawa da babbar tukunya, kada ka tsaya sai ranar." Ya dube ni, na dubi ƙasa. Da rana ta ɗanɗana miyata ta ce, "Wa ya koya miki sa kifi tun ruwa bai tafasa ba? Matsa." Na matsa. Ran nan ta cinye kwanonta, don ita ta dafa.

Maigida ya ji labarin talbijin, ai ba ya ɓoyuwa. Na zaci zai yi faɗa. Amma sai ya zauna ya ce yana yaro yakan ji haushin ganin uwarsa a bayan fili riƙe da mayafi, bai taɓa tambayar abin da take yi da shi ba. Bai cire bidiyon ba. Iya ta dawo kallo a rumfa tare da mu, tana gyara mini fassara. "Ba gona yake nema ba, ke ma. Dubi yadda ya riƙe ƙirji, ɗansa yake nema." In an zo ƙarshe, kowace mace da take kusa sai ta jefa gyalenta a kan talbijin, a yi dariya, a tashi. Maƙwabciyata har rige-rige take yi.

Dapchi dai ban je ba. Haihuwar ta zo mini da wuya. Da hantsi naƙuda ta fara, ungozoma ta zo, har rana ta karkata. Na ji kukan jaririya, daga nan ban san komai ba. Abin da nake iya tunawa sanyi ne, kamar an tsoma ni a kogi, da wani nisa mai daɗi wanda ban so in baro ba. Sai na ji nauyin tafin hannu a tsakiyar bayana. Can ƙasa ƙasa ana kiran sunan nan. Ba a ɗaga murya, ba a fasa ba. Na ɗauka uwata ce. Na bi muryar, sai ƙamshin tsohon saƙi da hayaƙin turaren maƙwabciyata suka shiga mini hanci, na yi atishawa.

Iya ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Sannu da sauka, 'yata." Ta ba ni ruwa kaɗan kaɗan, ta gaya mini mace na haifa, lafiyarta ƙalau. Daga baya maƙwabciyata ta so ta ba ni labarin abubuwan da na yi ta faɗa ina naƙuda, musamman a kan maigida. Iya ta ce mata, "Kul." Har yau ban sani ba.

Ita ta yi mini wankan jego, ita ta dama kunun kanwa, ita ta goyi 'yar. Muna cikin wankan mai bidiyo ya dawo ya karɓi kayansa, da kaset da littafin. Iya ta tambaye shi ko akwai ci gaban labarin, ya ce shi ma a haka ya saya, bai sani ba. Ta ce to, in ya samu ya duba ko an tashe ta.

Iya ta zauna da mu har ta ga 'ya'yana huɗu. Gashua sai dai mu je tare mu gaida dangi mu dawo. Ranar da nata lokacin ya zo ina wurin, kuma da saƙin nan na rufe ta. Tun da daɗewa na tambaye ta sunan da uwarta take kiranta, ta gaya mini.

Yanzu jikokina suna kallon irin waɗannan zane-zane a waya, masu kyau, har da fassara. Nakan leƙa ko zan ga budurwar mai jan wando, ban taɓa ganinta ba. Shi kuwa mutumin da ya zana ta, can inda yake, nakan sa masa albarka a raina. Da ya san sauka ya zana mata mai kiwo, da Iya ba ta fito daga bayan asabari ba, da motar safe ta tafi da ita.